Wa Zai Kama Gefen Tabarma?

Karatu: Markus 2:1-12
Ƙarin karatu: 1 Sarakuna 19:1-18, Markus 5:1-20

Idan ka gama karanta ayoyin nan goma sha biyu, ka tsaya ka ƙirga abubuwan da suka shiga tsakanin shanyayyen nan da Yesu. Ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Gidan da Ubangiji ya sauka a Kafarnahum ya cika maƙil, har bakin ƙofa ba masaka tsinke. Sama kuma rufi ne. Sai ka lura da waɗanda suka tare ƙofar. Markus bai ambaci sojan Roma ko ɗan fashi ba. Mutane ne da suka zo jin maganar Allah, fuskarsu tana wajen Yesu, bayansu yana wajen mara lafiya. Ba su yi niyyar mugunta ba, amma ba wanda ya matsa. Da ba don mutum huɗu da suka ƙi komawa gida da shi ba, da ya kwana a tabarmarsa kamar jiya da shekaranjiya.

Yau za mu yi tunani a kan wani irin shanyayye wanda ido ba ya saurin ganewa. Yana tafiya da ƙafarsa, yana amsa gaisuwa, amma hankalinsa ya ji rauni.

A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka afka wa Kutemeshi, a ƙaramar hukumar Birnin Gwari, suka kashe mutum 14, kamar yadda gwamnatin jihar Kaduna ta tabbatar. Hari ɗaya ke nan cikin masu yawa da ƙasar Birnin Gwari ta sha a shekarun nan, daga Kuyallo da Dogon Dawa har Randagi da Kakangi. An ƙirga gawa, an yi jana'iza, an faɗa a rediyo. Amma akwai waɗanda ba su shiga lissafi ba. Akwai yaron da ya ɓuya a ƙarƙashin gado yana jin harbi, ga shi ya yi wayo amma har yau yana fitsarin kwance. Akwai matar da aka dawo da ita daga daji bayan an sayar da masara da shanun huɗa an biya kuɗin fansa, tun ranar ba ta sake zama cikin mata ta yi hira ba. Akwai magidancin da in ya ji ƙarar babura da yawa sai gumi ya karyo masa, zuciyarsa ta riƙa bugawa kamar za ta fito. Akwai saurayin da ba ya iya barci sai ya haɗiyi tiramadol. Ka san irinsu. Wataƙila suna cikin gidanku.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa a wuraren da ake fama da rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa, firgita, ko taɓin hankali mai tsanani. Ranar Lahadi ka dubi bencin da kake zaune a kai ka ƙirga. Yawancin waɗanda masifar nan ta taɓa a ƙasar Birnin Gwari maƙwabtanmu ne Musulmi, wasu kuma 'yan'uwanmu ne na ikkilisiya, ciwon kuwa bai tambayi kowa addininsa ba. Markus ma bai gaya mana cewa mutanen nan huɗu dangin shanyayyen ne ba.

Muna godiya ga Allah domin sauƙin da aka samu. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi maganar sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe. Kasuwa ana buɗe ta da rana ɗaya. Zuciyar da ta razana kuwa tana ɗaukar nata lokacin, sau da yawa ma sai gudu ya ƙare sannan ciwon yake fitowa fili.

To, ina za a kai mutum? Asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana Barnawa a cikin Kaduna, akwai kuma sashen wannan aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya. Daga garin Birnin Gwari zuwa Kaduna ya haura kilomita 100, a hanyar nan ta Udawa da Buruku da matafiya suka yi shekaru suna bi rai a hannun Allah. Mutumin Kutemeshi kuma sai ya fara fitowa titi tukuna. Mara lafiya irin wannan ba ya tafiya shi kaɗai, saboda haka kuɗin mota na mutum biyu ne ko uku, ga kati, ga magani, ga abinci da wurin kwana, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Duk wannan a wuyan manomin da ya yi damuna biyu ko uku bai iya zuwa gonarsa ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya kaf ba su kai 300 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, yawancinsu a manyan birane suke, wasu kuma suna ta tafiya aiki ƙasashen waje. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar da cewa mai wannan larura yana da haƙƙi da mutunci kamar kowa. Abu ne mai kyau. Sai dai takarda ba ta hawa babur ta shiga ƙauye da kanta.

Hanya da talauci da ƙarancin likitoci, waɗannan su ne rufin gidan. Muna addu'a a kansu, muna kuma tuna wa hukuma. Amma kafin a kai ga rufi akwai taron da ke bakin ƙofa, taron nan kuwa mu ne.

Ka saurari abin da muke faɗa wa mai ciwon damuwa. Muna ce masa Kirista na gaske ba ya baƙin ciki. Muna ce masa bangaskiyarsa ta yi sanyi, ko akwai zunubin da bai furta ba, ko la'anar kakanni ce take binsa. Muna ɗora masa azumin kwana bakwai, mutumin da dama ya yi wata guda abinci ba ya shiga cikinsa. Idan ya zo layin addu'a sau uku bai warke ba, sai a fara kallonsa da wutsiyar ido, shi kuma ya daina zuwa. A gida kuma ana rufe shi a ɗakin baya, domin kada a ce gidan wane akwai hauka, 'yan matan gidan su rasa mijin aure. Mai hawan jini yana tashi a cikin sujada ya roƙi addu'a ba kunya. Mai ciwon suga ana kai masa gaisuwa da lemo. Mai ciwon hankali shi kaɗai ne muke sa wa ya ɗauki ciwo da kunya a lokaci guda.

Kada ka yi mini mummunar fahimta, ɗan'uwa. Mun gaskata akwai aljanu, mun gaskata sunan Yesu yana korarsu har gobe. Mun gaskata Ubangiji yana warkarwa nan take, mun kuwa ga hannunsa. Amma ka buɗe Matiyu 4:24 ka duba. Da marubucin yake lissafa waɗanda aka kawo wa Yesu, ya ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Maganar Allah ba ta zuba su a kwando ɗaya ba. Cikin baye-bayen Ruhu Mai Tsarki akwai baiwar rarrabe ruhohi (1 Korantiyawa 12:10), ita kuwa rarrabewa ba ta da amfani in kowane abu sunansa ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana sa sambatu. Sanƙarau yana rikita hankali. Mai jego takan rikice cikin makonnin farko bayan haihuwa, ta daina barci, ta riƙa jin muryoyi, har ta ƙi jaririnta, kuma wannan ciwo ne da likitoci suka sani, suna da maganinsa. Idan aka kwana uku ana tsawata wa aljani a kan yaron da zazzaɓi ya hau wa kai, abin da zai biyo baya jana'iza ce.

Yanzu ka juya zuwa 1 Sarakuna 19. Iliya ne, mutumin da ya yi addu'a wuta ta sauko a Dutsen Karmel. A cikinmu wa zai ce ya fi shi shafewa? Amma bayan wannan babbar nasara, saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya nausa jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Ka lura da alamun: tsoro, ware kai daga mutane, ganin kai ba a bakin komai ba, da son mutuwa. Da yau ne, da wani ya ce ya ja da baya.

Me Allah ya yi masa? Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika da abinci da ruwa. Iliya ya ci, ya sha, ya sake kwantawa, ba a tashe shi a ce lokacin addu'ar dare ya yi ba. Mala'ikan ya dawo karo na biyu, da abinci kuma. Sai da jiki ya sami ƙarfi ya kai Horeb, sannan Ubangiji ya yi masa tambaya, ya kuma saurari kukansa. Iliya ya maimaita kuka iri ɗaya har sau biyu, kusan kalma da kalma, Allah bai katse shi ba. Daga baya ne ya gyara masa lissafi, ya nuna masa akwai mutum dubu bakwai da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya ba shi aikin yi, ya kuma haɗa shi da Elisha domin kada ya ƙara tafiya shi kaɗai. Allah mai iko duka, wanda zai iya gyara annabinsa da kalma ɗaya, ya fara da barci da tuwo. Mu kuma mukan fara da tsawa.

Sai maganar sarƙa, wadda ba ta da daɗin ji. A Markus 5 mutumin ƙasar Garasinawa yana da aljanu da gaske, Littafi ya faɗa. Amma sarƙoƙi da marin da aka riƙa ɗaure shi da su na mutanen garin ne, ba su kuwa amfana masa komai ba. Yesu bai ɗaure shi ba, bai doke shi ba. Da mutane suka zo sun tarar da shi a zaune, da tufa a jikinsa, cikin hankalinsa, Ubangiji kuma ya mai da shi gida wurin danginsa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Kafin wani ya nuna yatsa ya ce ai ba namu ba ne, ya sani cewa a watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ta tarar da masu taɓin hankali a ɗaure a wurare da dama a Najeriya, a cibiyoyin gwamnati, wurin masu maganin gargajiya, cibiyoyin Musulmi, da majami'u ma. Laifi tudu ne. Duk inda aka ɗaure ɗan'adam a turu, aka yi masa bulala, aka hana shi abinci da sunan fitar da aljani, ba daga Yesu aka koyo ba, ko da an rubuta sunansa a jikin bango.

Duk da haka kada ka yi saurin hukunta uwar da ta ɗaure ɗanta a gindin mangwaro. Sau da yawa ba ƙiyayya ba ce. Tana tsoron ya shiga daji ya haɗu da masu bindiga, ko ya faɗa rijiya, ga gona tana jiranta, ga ƙannensa suna jin yunwa, ba kuma mai karɓarta ko na awa ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tabarma gefe huɗu gare ta, ita kuma an bar ta da duka huɗun.

A 1954 wani likita ɗan ƙasar nan, Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta. Maimakon a kulle marasa lafiya a bayan katanga, sai aka sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana su koma cikin jama'a da yamma. Aikin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabuwe kuma wani likita, Dixon Chibanda, da ya ga likitoci ba za su taɓa isa ba, sai ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, wanda abinsa ya yi tsanani kuma su miƙa shi gaba. Bincike ya nuna mutane sun sami sauƙi sosai. Benci da kaka mai kunnen saurare. Wace ikkilisiya ce ba ta da su? Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku ji wannan da kyau. Sharaɗinsa ɗaya ne, abin da aka faɗa a benci ya tsaya a benci, kada ya koma batun addu'a da za a yaɗa a unguwa.

Ga yadda kama gefen tabarma yake a aikace. Wani zai riƙa zuwa ya zauna da mara lafiyan, ko ba a ce komai ba. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai a zaune da shi shiru, kuma wannan ne mafi kyawun abin da suka yi masa, ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki. Wani zai karɓi mai jinya ta je ta huta. Wani zai taimaka a gona. Dattawan ikkilisiya su ware wani abu daga baiko domin kuɗin mota da magani, kamar yadda Basamariyen nan ya zaro dinari biyu ya ba mai masauki, ya kuma ɗauki nauyin abin da zai ƙaru (Luka 10:35). Wani kuma, mai ɗan ilimi da bakin magana, ya raka su. A fara da asibiti mafi kusa ko babban asibitin Birnin Gwari, a duba ko zazzaɓi ne ko wata cuta ta jiki, a kuma nemi takardar turawa gaba idan abin ya fi ƙarfinsu. Kafin a tashi a rubuta a takarda ranar da abin ya fara, yadda barcinsa da cin abincinsa suke, abin da ya faru da shi, da duk abin da yake sha, kada a ɓoye wa likita komai don kunya.

Idan an ba da magani, a yi haƙuri da shi. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Wasu magungunan sukan sa yawan barci, ko sandarewar jiki, ko rawar hannu. In an ga haka a koma a faɗa, likita yana iya ragewa ko canzawa. Akwai ma allurar da ake yi wata-wata ga wasu masu larurar, a tambaya ko ta dace, domin tana rage wahalar mantuwa. Kada a sayi ƙwaya a kemis bisa shawarar maƙwabci.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. A taron farkawa, cikin zafin Ruhu, wani yakan ce wanda ya gaskata ya warke ya zubar da maganinsa. Kada ka yi, kada kuma ka sa wani ya yi. Da Yesu ya tsarkake kutare, ya aike su wurin firistoci, waɗanda a zamanin su ne masu duba cutar su tabbatar (Luka 17:14). Warkarwar Allah ba ta tsoron gwaji. In Ubangiji ya taɓa ka, koma wurin likita ya gani, shi zai rage maganin a hankali, shaidarka ma ta ƙara nauyi. Allah ya riga ya yi wa Hezekiya alkawarin ƙarin shekara goma sha biyar, duk da haka Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20:7). Da alkawarin da ɓauren duk daga hannu ɗaya suka fito. Luka da ya rubuta mana Bishara da Ayyukan Manzanni likita ne, Bulus kuwa bai sa shi ya tuba daga aikinsa ba.

Abu ɗaya ba ya jiran gobe. Idan mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko ya fara rabar da kayansa yana sallama, kada ka ce masa ya daina saɓo ka wuce. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. A kawar da fiya-fiya, maganin feshin gona, igiya da makami daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Kai kuma da kake karanta wannan shafi alhali kai ne a kan tabarmar, ko ke 'yar'uwa da kike kuka da dare kina share hawaye kafin yara su tashi, ki sake duba karatunmu na yau. Daga aya ta ɗaya har ta goma sha biyu shanyayyen bai ce uffan ba. Bai yi addu'a ba, bai yi iƙirari ba. Bangaskiyar da Yesu ya duba ta waɗanda suka ɗauko shi ce. Idan yau ba ki iya addu'a, Ubangiji bai yashe ki ba, bari waɗansu su yi a madadinki. Abin da ya rage miki shi ne ki yarda a ɗauke ki. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, matar fasto ko wata dattijuwa ko ma'aikaciyar asibiti, ki gaya mata gaskiyar yadda darenki yake, a cikin makon nan.

Abin yi: Rubuta sunan mutum ɗaya da ka san hankalinsa ya ji rauni, Kirista ne ko Musulmi. A ƙarƙashinsa ka rubuta sunanka, da na mutum uku da za ka nema kafin Lahadi.

Addu'a: Ya Uba, kai da ka ciyar da Iliya a jeji, ka ba mutanen Kutemeshi da dukan ƙasar Birnin Gwari barci mai daɗi a daren yau. Ka tuna da waɗanda suka dawo daga daji, da waɗanda har yanzu ake jira. Ka kwance waɗanda ke ɗaure a ɗakunan baya, ka ƙarfafa iyayen da suka gaji da jinya. Ka tsare hanyar Kaduna da ta Funtuwa, ka sa albarka a hannun likitoci da ma'aikatan jinya na Barnawa da Shika da ƙananan asibitocinmu, ka ƙaro mana irinsu. Ka nuna mini gefen da zan kama. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.